Motar da Ba Ta Ciwo a Gareji

Ku zare wayar nan tukuna ku saurare ni. Tun safe nake kallon ku. Kun soka wa mota 'yar na'urarku a ƙarƙashin sitiyari, kun zuba wa allo ido, ta rubuto muku lamba, kun ruga kasuwa kun sayo abin da ta ce. To kun ɗaura, motar ta warke? Ba ta warke ba. Amma jiya da kunnena na ji ɗayanku yana gaya wa mai shayi wai kanikanci yanzu ya zama wasa, wai mu tsofaffi ƙarfi kawai muka sani. Ƙarfi! Kai da ko fulogi ba ka iya kwancewa sai ka cinye masa kai.

Shekara bakwai na yi a hannun maigidana Malam Labbo, Allah ya jiƙansa. Biyun farko wanke ƙarfe kawai nake yi a cikin kwano. Ran da ya yarda na taɓa inji, ba sifana ya ba ni ba. Doguwar sukudireba ya miƙo mini, ya ce in kafa bakinta a jikin injin, in ɗora kunnena a ƙotar, in gaya masa abin da na ji. Na ce ƙara nake ji. Ya talle mini ƙeya ya ce jaki ma yana jin ƙara. A wurinsa na koyi shinshina baƙin mai kafin in zubar, na koyi murza toka daga bakin salansa. Kuma ba ya barin a kwance ƙusa ko ɗaya sai an tambayi mai mota wa ke tuƙa ta, ina take shan mai, ina take kwana. Wannan ta ƙarshen ita ce kuke yi wa dariya.

Aikin da zan ba ku labari ya zo ne 'yan shekaru bayan an ba mu jiha. Ku ba ku ga Gusau a lokacin ba. Mutumin da ka sani yana auna gero jiya, yau ya zama ɗan kwangila, ya sayo jif baƙa mai baƙin gilashi, ya bar ledar kujerun wata shida don a san sabuwa ce. Kuma a daidai lokacin ake wahalar fetur. Gidan mai a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi da jarkoki, wasu na gauraya shi da kananzir. Wannan ya yi wa ragwayen kanikawa daɗi ƙwarai. Duk motar da ta gagare su sai su ce mai ne. In kuwa mai ne, to direba ne, don shi ake aike ya sayo.

Alhaji Sambo, ba sunansa ke nan ba amma shi za ku riƙe, hatsi yake saye a kasuwar Mada kafin kwangila ta same shi. Direbansa Malam Bawa, mutumin Bungudu, shekara goma sha tara yana tuƙa shi, tun suna da tsohuwar akori-kura da sai an tura take tashi. Dattijo ne mai furfura, ba ya da surutu. Shi ya shigo mini da jif ɗin wata safiyar Litinin, Alhaji na baya a hakimce. Mota ce ta gaske, mai canza giya da kanta, injinta na injekta, ba kafireta irin wadda muka saba ba.

Alhaji ko sauka bai yi ba, gilashi ya zuge.

“Kai ne Mamman? An ce kana da kunne. To wagga mota in an taka totur sai ta tsaya shawara. Ka ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ta zabura kamar an tsikare ta. Shekaranjiya a hanyar Tsafe mun fita za mu wuce tirela, ga gingimari ta taho, wanga mutum ya taka, mota ta ƙi. Da ba mu faɗa gona ba da yanzu ana zaman makoki.”

Na ce, “Allah ya ƙara tsarewa, Alhaji. Wa ya taɓa ta kafin ni?”

Mutum uku suka taɓa ta. Na farko ya canza fulogi. Na biyu ya sauke tanki ya canza famfon mai, lafiyayyen famfo, na tabbata yana cikin motar wani yanzu haka. Na uku daga Kaduna aka ɗauko shi, da farar riga da akwati, irinku dai. Kowannensu in ya gama sai a ɗana mota a ga tana gudu lafiya lau, a yi masa godiya. Kwana biyu a gida, ciwo ya dawo. Da mai farar riga ya ga zai ji kunya sai ya yanke hukunci, ya ce direba ne ke zuƙe fetur ya sayar, ya cika da kananzir. Ko tankin bai buɗe ba.

Alhaji kuma ya ɗauka. Ba a ɗaki ya faɗa ba, a majalisarsa ta ƙofar gida ya faɗa bayan la'asar, a gaban mutane, har da 'yan Bungudu da suka zo gaisuwa. Ya maimaita mini a gaban Malam Bawa, ya ce, “Kai ne na ƙarshe. In ka gyara ta sake yi, na san ba mota ba ce. Hannun 'yan sanda zan sa shi.”

Malam Bawa yana tsaye riƙe da makulli. Sai da aka zo aka ɗauki Alhaji a wata motar ya matso kusa da ni.

“Malam Mamman, aikin ban damu da shi ba. Amma ɗiyana sun ji. Ranar Juma'a na shiga masallaci a garinmu, wani ya janye takalminai daga kusa da nawa.”

Na ce, “Ka saci man?”

Ya dube ni kawai. Na ji kunyar tambayar, amma dole in yi ta.

Na fara da abin da ku ba ku farawa da shi, na tuƙa motar. Muka bi hanyar Tsafe ni da shi, na taka a hankali, na taka da ƙarfi, na taka a hawa. Akwai ɗan jinkiri, amma kaɗan, ba irin wanda zai jefa mutum gona ba. Malam Bawa ya ce, “Ka gani? Haka take yi. In ta zo gareji sai ta yi ladabi.” Na riƙe wannan maganar. Ƙarfe ba ya tsoron bakanike. In mota na ciwo a gida tana warkewa a gareji, to akwai abin da ke canzawa tsakanin gidan da garejin.

Da muka dawo na bi hanyar totur daga ƙafa har inji. Wayar totur ba ta saki ba, ba ta cije ba. Na duba bakin da ke buɗewa iska ta shiga, yana buɗewa har ƙarshe. Sannan na je ga man. Na kwance tiyo na tsiyayi fetur a kwalba daga ƙasan tanki, na ɗiga a farar takarda na ajiye a rana. Fetur tsantsa tashi yake yi ya bar takarda fes. In da kananzir a ciki sai ya bar tabon maiƙo. Takardata ta bushe fara tas. Na kwance fulogan, babu baƙar tokar da gurɓataccen mai ke bari. Aikin minti goma ke nan, mutum uku sun kasa yin sa, sun gwammace su kira dattijo ɓarawo.

Saura iska. Na ɓalle maƙallan akwatin matacin iska, na ɗaga murfi, sai ƙamshi ya buge ni. Turare, mai maiƙon nan mai tsada da ake tsaraba da shi. Na ce ikon Allah, yau ga inji ya shafa turare.

To ku da kuke cewa sauƙi ne, ku ji yadda abin yake. A bayan matacin, a bakin bututun da ke kai iska inji, akwai wata 'yar waya siririya kamar gashi. Ita ke auna iskar da ke shiga ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota, ƙwaƙwalwa ta saki mai daidai da ita. In wayar ta yi datti sai ta makara wajen ba da labari, mai ya makara, kai kuma ƙafarka na ƙasa kana salati. Na haska tocila na ga wayar ta yi dumu-dumu da maiƙo, ƙura ta manne a kai. Wannan ya ba ni ɗan jinkirin da na ji a hanya. Bai ba ni babban ba.

Na ƙara leƙawa. A jikin wani ɗan ƙugiya cikin murfin akwai guntun jan zare a ɗaure, an tsinke shi. Bakin bututun kuma gefe ɗaya ya yi sumul yana sheƙi, alamar wani abu ya daɗe yana bugun wurin. Wani abu dai yana zama a akwatin nan, kuma yau ba ya nan.

Na ce, “Malam Bawa, ina motar ke kwana?”

“Cikin gida, a rumfar Alhaji. In mun dawo na miƙa mishi makulli in tahi. Da safe in amsa.”

“Kana buɗe wannan akwatin?”

“Ni? Ruwa da baƙin mai kaɗai nika dubawa. Wagga mota tsoronta nike ji.”

Ban gaya masa komai ba, don zato ba shaida ba ne. Na wanke wayar a hankali, ban taɓa ta da ƙarfe ba, na bar ta ta bushe. Na rufe akwatin, na ɗiga farin fenti a kan kowane maƙalli ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Muka sake ɗanawa. Kai, motar nan kafin ƙafa ta gama sauka ta amsa. Malam Bawa har da murmushi. Ni ban yi ba, na san za ta dawo.

Ranar Asabar da hantsi ta dawo. Alhaji wannan karon ya sauko da kansa, babbar riga na jan ƙasa, yana faɗa tun daga bakin ƙofa, duk garejin aka tsaya ana kallo.

“An ce kana da kunne, ashe kai ma baki gare ka! Jiya a hanyar Magami ta yi mini abin da ya fi na da. Shi ke nan, na gama. Daga nan ofishin 'yan sanda muka nufa.”

Na buɗe bonet. Fentin nan duk ya tsage. Na ɗaga murfi, akwati wayam, amma ga sabon jan zare a ƙugiya, ƙamshi kuma sabo fil. Alhaji ya matso yana leƙe ta kafaɗata, sai na ji ƙamshin nan dai daga jikinsa, ba daga wuyan riga ba, daga aljihun gefe. Hannunsa kuwa na dafe da aljihun.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na so in fasa kwan a nan, a gaban kowa. Amma na haɗiye na ce, “Alhaji, a yi haƙuri a ba ni rabin awa. Mu ɗana ta mu uku a hanyar Bungudu. In ban nuna maka ciwon da idonka ba, ni da kaina zan raka ku ofishin.”

Malam Bawa ya tuƙa. Mota lafiya, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Da muka yi nisa da gari na ce ya sauka gefen titi gindin wata tsamiya, ya bar injin a kunne. Muka fito, na buɗe bonet, na ɗaga murfin akwatin.

Na ce, “Alhaji, abin da ke aljihunka nake so.”

“Mi? Kai yaro, ka san da wa kake magana?”

“Na sani, ranka ya daɗe. Shi ya sa na kawo ka inda mu uku ne. A gareji mutum talatin ne.”

Ya dube ni, ya dubi titi, ya yi ta mazurai. Can ya sa hannu ya fito da ita. Laya ce, ɗinkin fata, ta kai tafin hannun jariri, ta jiƙe sharkaf da turare, ga jan zare a kunnenta. Muryarsa ta yi ƙasa. Wai tun ran da ya sayi motar wani ya gaya masa idon maƙiya na kanta. Aka haɗa masa wannan, aka ce ya rataye ta inda motar ke shaƙar numfashi, ya riƙa shafa mata turare, kuma kada idon mai taɓa ƙarfe ya gan ta, in ya gani ta karye. Shi ya sa duk ran da za a kai mota gareji yake cire ta da sassafe, in an dawo ya mayar.

Ni ban shiga maganar layar ba, wannan tsakaninsa da malamai ne. Na karɓa na ɗaura ta a ƙugiyar yadda yake yi, na riƙe murfin a ɗan ɗage don su gani. Inji na tafiya a hankali, laya na lilo abinta. Na ce Malam Bawa ya shiga ya taka da ƙarfi. Yana takawa iska ta fizge ta, fat, ta manne a bakin bututun. Inji ya shaƙe yana kakari. Ɗaya, biyu, uku, ta karkace gefe, iska ta samu hanya, inji ya yi kururuwa. Na ce ya sake. Sau uku muna yi, sau uku tana toshewa.

Na ce, “Ga kananzir ɗinka nan, Alhaji.”

Malam Bawa ya kashe motar ya fito. Ya daɗe yana kallon layar.

“Alhaji, kai ke cire ta in za a kai gareji?”

“Bawa, ai ka ji yadda aka yi.”

“Sau huɗu kana cirewa mota na warkewa, kana maidawa tana kwantawa. Ba ka lura ba?”

Alhaji ya ce, “An ce mini ba ta cutarwa.”

“Awo. Ashe ka lura.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Bai ɗaga murya ba. Ya goge makullin da gefen rigarsa, ya miƙo mini, ni, ba Alhaji ba. Ya gyara hula ya kama gefen titi ya nufi Bungudu da ƙafa, rana tsaka. Alhaji ya yi ta kira, “Bawa! Bawa, dawo mu yi magana!” Ko waiwaye bai yi ba.

Ni na tuƙo Alhaji gida, don shi ko ribas bai iya ba. A hanya ya fara lallashi. Wai in ce famfon mai ne, maganar ta mutu a nan, shi kuma duk abokansa masu jif garejina zai turo su. Na ce, “Alhaji, layarka sirrinka ce, ba za a ji a bakina ba. Amma maganar kananzir a gaban mutane ka yi ta. Ko ka janye ta a gabansu, ko ni in janye maka.” Ya ce zai duba. Na san irin wannan dubawar.

Bayan la'asar na wanke hannu na tafi ƙofar gidansa da kwalbar fetur da farar takarda. Majalisa ta cika, an shimfiɗa tabarmi. Na yi sallama, na durƙusa na gaida dattawa, na ce ni ne bakaniken da ya duba motar Alhaji. Na ɗiga man a takarda a gabansu, muka jira ta bushe, na miƙa ta zaga hannu hannu. Na ce wannan daga ƙasan tankin na ɗebo shi, babu ɗigon kananzir, kuma Malam Bawa bai ci amanar kowa ba, duk wanda ya ji an faɗa to ya ji an warware. Wani tsoho ya ce, “To mi ad damuwar motar?” Na ce Alhaji ya gani da idonsa, a tambaye shi. Kowa ya juya. Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya ce a bar maganar, an yi kuskure. Cikin masu zaman akwai mutum biyu 'yan Bungudu, dominsu na zo.

Kun ji ana cewa na yi muguwar shekara, to ita ce wannan. Jif ko ɗaya ba ta ƙara shigowa garejina ba. Aka baza cewa Mamman ba ya da ladabi, yana shiga abin da ba ruwansa. Manyan nan suka koma wurin masu canza lafiyayyen famfo, kuma wallahi sun dace da juna. Ni da na iya injekta tun kafin wasu su ji sunanta, na koma ɗaukar jakar sifana a bayan babur ina bin ƙauyuka, Ruwan Bore, Mada, ina gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa. Akwai ran da na wuni a kan injin markaɗe aka sallame ni da kwanon dawa. Alhaji kuwa ya sayar da motar, ya sayi wata, ya ɗauki sabon direba. Alhajin ya rasu da daɗewa, Allah ya gafarta masa, shi ya sa yau na buɗe baki.

A cikin wannan yawon ne wata rana aka kira ni fadamar Bungudu, injin ban-ruwan wasu manoma ya ƙi tashi. Na gyara, na ce a kawo fetur in gwada. Lokacin man ya fi da wuya, sai manoman suka haɗa kai suna sayen duro su ajiye wuri ɗaya, kowa a auna masa. Suka ce in bi su wurin mai ajiya, don ba wanda ke taɓa duron sai shi. Muka je wata 'yar rumfa mai ƙofar langa-langa. Ga Malam Bawa zaune a bakin ƙofa, makulli rataye a wuyansa.

Ya tashi ya riƙe hannuna da hannu biyu, muka gaisa. Bai ɗauko tsohon zance ba, ni ma ban ɗauko ba. Ya buɗe rumfar ya auna mini galan ɗaya, ya miƙo yana 'yar dariya.

“Ka zo da takardarka, Malam Mamman, ko ka yarda haka nan?”

Da na'urarku ce ta ga motar nan, lambar 'yar wayar za ta rubuto muku. Ku sayo sabuwa ku ɗaura, kwana biyu ta dawo, ku ce ai direba ne. Don haka kai mai jar riga, ajiye allon nan. Je ka tambayi mai motar nan inda take kwana, sannan ka zo ka buɗe akwatin iska ka sa hancinka.